Rabona na Ruwa a Turba

Shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, aka duba ni a asibiti a Isa. Ma'aikaciyar ta ce wata ƙwayar cuta ta taɓa mini bakin mahaifa. Bai zama ciwon daji ba tukuna, amma can ya nufa. Ta ƙone wurin da ɗan ƙarfe mai zafi, ta ce ruwa zai yi ta zubo mini har wata guda, in yawaita wanki. Wanki da me?

A Turba rijiyarmu ta ƙafe. Tulu ɗaya ake samowa daga nesa, uwar mijina ke rabawa da ludayi. Kunya ta hana ni gaya mata. Sai na riƙa ɓoye rabona na sha, ina wanke tsummana da shi a bayan ɗaki.

Ranar da ta kama ni, ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ce, "Ke ɗiyag ga, jikokina na kukan ƙishirwa, kina ba ƙasa ruwa?"

Na warke sarai. Amma har ta rasu, maɓarnaciya take kirana.