Finjalin Farko na Kawu Ilu

Duk wanda ya ci biki a Cadawa ya san Kawu Ilu da tawul a kafaɗa. Ba ya fara aiki sai ya ɗaga finjali sama, ya hange shi a rana, ya hura, ya goge, ya sake hangawa, mutane kuwa na tsaye ƙishi na cin su. Kai, Kawu!

Ƙanin mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya tafi birnin Kwatano can bakin teku, ya yi shekaru a wata mashaya yana haɗa wa mutane giya mai zaƙi a ƙananan kofuna. Da ya dawo gida ya baro giyar can, amma gwanintar ta biyo shi. Sai ya koma haɗa namu na halas: tsamiya da zuma a ƙasa, ruwan mangwaro a tsakiya, zoɓo a sama, yana tsiyaya shi ta bayan cokali don kada launukan su gauraya. Duka a ɗan finjalin shayi. Dokarsa kuma ba ta tashi: a shanye a kurɓi ɗaya, babu ƙari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sha ba, yayansa Malam Habu, limamin unguwarmu. Tun dawowar Kawu ya ce, "Hannun da ya tsiyaya giya, ba ni shan abin da ya tsiyaya." Maganar nan ta ci Kawu ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Kowane biki, finjalin farko na Malam ne. Kawu ya rufe shi da faifai ya ajiye, Malam ya yi addu'a ya wuce ko kallo babu. Da yamma Kawu ya juye shi a gindin lemun gidansa, yana cewa, "Iccen ga ya hi Yaya sanin daɗi."

A wani ɗaurin aure a Gazawa, wani alhaji mai tumbi ya miƙo masa kwanon sha guda.

"Ilu, cika mini nan."

"Alhaji, in ƙishi ka kawo, ga randa can. Wanga na harshe ne, ba na tumbi ba."

Wata rana kuma wani ya kai wa hukuma tsegumi wai giya yake haɗawa, sai ga jandarma. Ya shinshina, ya shanye, ya lashe baki, ya ce bincike bai ƙare ba, a ƙaro. Kawu ya karɓe finjalinsa ya hau gogewa.

"Ranka shi daɗe, in giya ce, guda ta isa shaida. In ba giya ba ce, ai ka sha rabonka."

Ni kaina ban tsira ba. Ranar sunan ɗana na sa cokali na motsa nawa. Ya dafe kai.

"Innalillahi! Hadiza, mi na yi miki? Kunu na ba ki?"

Daminar bara ciwo ya kwantar da shi. Malam ya zo dubiya, ya zauna bakin tabarma ya daɗe yana jan carbi. Can sai ya ce, "Ilu, abin nan naka, akwai shi?"

Mutumin da sai an tayar da shi, wallahi da kansa ya tashi zaune. Na kawo kayan, na ce bari in haɗa. Ya ture ni.

"Hannuna ya ce ba ya so. Na hannuna za shi sha."

Hannun kuwa rawa yake yi. Zoɓo ya nutse cikin mangwaro, launi ya dagule kamar ruwan gulbi. Kawu ya dubi abin, hawaye ya cika masa ido, ya yunƙura zai zubar. Malam ya riƙe masa hannu, ya karɓa, ya yi bisimilla, ya shanye a kurɓi ɗaya. Sannan ya miƙo finjalin.

"Ƙaro."

"Yaya, ka san doka."

Muka fashe da dariya, har Malam. Amma muna cikin dariyar na ga Kawu yana laluben cokali. Ƙarin da ya taɓa yi ke nan kaɗai a duniya, kuma Malam ne ya tallafe masa hannu har ya gama tsiyayawa.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa na Kwatano da na gida. Allah ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, kuma can a yi masa ƙari.