Farar Hoda a Kan Batir

Lungunmu a Sabon Gari ko amalanke sai an yi dabara take shiga, don haka da na sayi mota, a kangon maƙwabcina mai ƙofa ta bakin titi na riƙa ajiye ta. Dattijo ne, mutumin Tsibiri, tsohon direban manyan motoci wanda ciwon ido ya raba da hanya. Mun daɗe muna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gidansa bayan magariba, shi ne ma ya yi wa ɗiyata ta fari huɗuba. Da ya ba ni makullin kangon ko godiya bai tsaya saurara ba.

Motar tsohuwa ce, ƙofar direba ma ba ta kulluwa. Da ita nake ɗauko tumatir da kabeji da zogale daga lambunan Jiratawa in kawo kasuwa. Ranar da na shigo da ita ya zagaya ta yana buga tayoyi da ƙafa, ya ce in riƙa duba kan batir. Ni kuwa sabon mai mota, kaina na rawa, na ce, "Yaya, motocin yanzu ba irin naku ba ne." Ya yi dariya, bai sake ba ni shawara ba.

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa musun haka ba. Ko gaisuwa aka tsawaita mini sai na tambayi kaina me ake nema a wurina.

Bayan ƴan watanni motar ta fara gardama da safe. In murɗa makulli, ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Na buɗe kapo, wato murfin injin, sai ga wata farar hoda mai ratsin shuɗi ta taru a kawunan batir guda biyu, daidai inda wayoyi suka kama, kamar an barbaɗa da yatsu. Wa ke buɗe kapon wani ya zuba masa gari? Kangon nan makullinsa biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a wurin dattijon. Na tuna yadda dattijon yake tsayawa yana kallon motar in zan fita. Da can tausayi yake ba ni, mutumin da ya tuƙa tirela yau ko keke ba ya hawa. Ranar nan sai na ga kallon nasa da wata fassara.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, wata rana in tarar hodar ta ɓace, motar ta tashi da murɗa ɗaya, bayan makonni kuma ta dawo. Na ce lallai zubi ake yi mata lokaci-lokaci.

Wata safiya na fito da wuri na leƙa ta saman katanga. Ga kapo a buɗe, ga dattijon a sunkuye da buta yana tsiyaya wani ruwa a kan batir, bakinsa na motsi. Kumfa na tashi yana ƙara. Ya goga da wani abu, ya lakaci wani baƙin abu a gwangwani ya shafa, ya rufe kapon a hankali don kada ya yi ƙara. Ban ce a raina dattijo ne da carbi ba ya barin hannunsa, bakinsa kullum a motsi yake ba. Cewa na yi, ai dama mutumin Tsibiri ne, garin da ake cewa sun san asiri. Har yau ina jin kunyar wannan tunani.

Da magariba aka kawo tuwo, ya sa hannu, ni kuwa na ajiye makullin a kan tabarma.

"Ga makullinka. Abin da aka zuba wa motata ya isa haka."

Ya ɗago kai. "Mi ka gani?"

"Allah ya gani, ni ma na gani."

Ya daɗe yana dubana da idon nan nasa mai hazo. Sannan ya wanke hannu, ya ce wa ƴan cikin gida su zo su ɗauke kwanon.

Na mayar da motar bakin titi. Hoda ta dawo fiye da da, har ta rufe wayoyi, na ce magani ya riga ya kama. Har rubutu na karɓo na yayyafa wa kapo. A mako na biyar ta mutu mini a Jiratawa, tsakar rana, da kwandunan tumatir a baya. Wani makaniki na bakin hanya ya leƙa ya yi tsaki.

"Alhaji, wanga batir ba ka wanke mai kai? Ruwan cikinshi ne ke cin ƙarhe, shi ke hidda garin ga."

Ya karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya jefa gutsuren kanwa a buta, ya kwance wayoyin, ya tsiyaya. Kumfa ya tashi yana ƙara, irin wanda na gani ta saman katanga. Ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya shafa giris. Motar ta tashi, ni kuwa na kasa shiga. Makanikin ya ɗauka rana ce ta buge ni.

Ban ko sauke tumatir ba na wuce gidan dattijon. Na durƙusa na faɗi komai, har maganar Tsibiri ban rage ba. Na tambaye shi don me bai gaya mini ba.

"Na hwaɗa maka tun ranar hwarko, ka ce ba irin namu ba na," in ji shi. "Ni kau ban iya ganin mota na cuta in ƙyale."

Ya ce ya yafe mini tun a daren nan. Ya shiga kango ya fito da gwangwanin giris da buroshi da ƙullin kanwa, ya koya mini in fara kwance baƙar waya kafin ja, in bari ya bushe kafin in ɗaure. Ya ɗora makullin a kai ya miƙo mini. Murna ta kama ni har na ji hawaye, na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Da magariba na zo na zauna a gefen tabarma inda na saba. Aka fito da tuwo daga cikin gida, a kwano biyu.