Eulalie Guidry da Karen da Ya Sha Maganin Ƙoda

Kowace safiya, kafin kofinta ya huce, Mis Eulalie Guidry ta riga ta san wanda ya sha magani da wanda ya shara ƙarya. Aikinta ke nan a wani asibitin masu dashen ƙoda a Lafayette. Kowace ƙwaya da 'yar na'ura a cikinta, ba ta kai tsabar gero ba. Tana isa ciki sai ta sanar da filastar da ke manne a haƙarƙarin majinyaci, filastar ta aika rahoto zuwa allon kwamfutar Eulalie, har da bugun zuciya da yawan motsi. Wannan makon take ajiye aiki, kuma wallahi ba za mu bari ta sulale shiru ba.

Ku tambayi Mista Clovis Hebert, tsohon makaɗin akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa da hannu biyu, wanda 'yarsa Noelie ta ba shi ƙodarta ɗaya. An gaya masa ɓaro-ɓaro cewa in ya bar magani jikinsa zai ƙi ƙodar.

Wata safiya Eulalie ta dubi allo, ta gyara tabarau, ta buga masa waya.

"Mista Clovis, na ga jiki ya yi kyau."

"Garau nake, 'yar nan. Na'urar taku mai gulma ba ta gaya miki ba?"

"Ta gaya mini. Ta ce zuciyarka na bugawa kamar ta jariri, kuma mai raba wasiƙu na isowa ka zabura da gudu ka zagaye gida."

Can sai ga haushin kare ta cikin wayar.

"Kai Biskit, rufe mini baki!"

Ashe dattijo aske wa karensa haƙarƙari ya yi, ya manna masa filastar, ya tura ƙwayar cikin nama ya ba shi!

Da wata ce, da ta ce taurin kai ne ta wuce. Eulalie mota ta ɗauka. Noelie shaida ce: sai da Eulalie ta kai Biskit wurin likitan dabbobi, sannan ta dawo ta zauna a barandar Clovis ta ƙi tashi.

"Ba faɗa na zo yi ba. Gaya mini dalili."

Ya miƙo hannuwansa, suna karkarwa. "Maganin ne. Ran Asabar akodiyon ya gagare ni a gaban mutane. In ba kiɗa, me zan yi da ƙodar?"

"To Noelie fa, da aka yanka ta dominka? Haɗiye wannan a gabana. Gobe tare za mu je wurin likita ya duba ko za a canza maka."

Aka canza, rawar hannu ta lafa, ƙoda ta tsira.

Ke ce, Eulalie, mai ido a allo, kunne a wurin mutane. Na'ura ta san ƙwaya ta shiga ciki, amma ke ce kike tashi ki je ki ji abin da ya hana mutum sha. Mun gode, uwar masu taurin kai. Ku da za ku gaji kujerarta, don Allah ku riƙa barin allon kuna taka ƙafa.

Jiya a walimar sallamarta Clovis ya yi kiɗa har Noelie ta yi rawa tana hawaye. Da ya gama, ya ɗaga ƙwayarsa sama kowa ya gani, ya kora da ruwa.

"Duba allonki, 'yar nan," in ji shi. "Yau ni ne da kaina."