Dambun Yaya da agwagina

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idon dama, aka ce sai an kai ni birni an yi mini aiki. Ni kuwa tun da nake ban taɓa kwana a asibiti ba, 'ya'yana duka a ɗaki na haife su. Da babban yaronmu ya zo da maganar ranar da aka sa, sai jikina ya ba ni cewa tafiyar ke nan. Ya ce, "Inna, kafin shinkafa ta dahu a tukunya an gama aikin nan." Na ce to. Ni ba mai musu ba ce, amma a raina na riga na fara raba kayan ɗakina.

A nan wajenmu, in mutum zai yi tafiya mai nauyi, yakan zaga gida-gida ya nemi yafiya. Kowa ya san yadda ake yi. Ka ce a yafe maka, a ce ba ka yi komai ba, kai ma ka yafe, a yi addu'a, a ba ka 'yar albasa ka tafi. Ba wanda yake faɗin abin da ya yi. To ni a lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ga Islamiyyar matan aure ina zuwa, kaina ya cika da sabon karatu. Malamarmu ta ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Na zauna na yi ta juya maganar. Na ce yanzu ta yaya mutum zai yafe abin da bai san an yi masa ba? Ai sai an faɗa masa tukuna. Daga nan na ɗauko wa kaina aiki.

Da Malam na fara, maigidana. Na durƙusa na ce, "Malam, duk labarin rabon ruwa da kake ba ni in ka dawo daga gona, wane ya toshe wa wane hanya, wane ya buɗe ruwa layinsa bai zo ba, ban taɓa saurara ba. In na ji ka yi shiru ne nake sa baki."

Ya ce, "Na sani mana. Ranar da na ce miki injin ban-ruwana ya faɗa kanal, cewa kika yi Allah ya maimaita."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ya yafe. Wannan sauƙin da na samu shi ya ruɗe ni. Na ɗauka kowa haka zai yi.

Sai Yaya. Ba uwarmu ɗaya ba, maƙwabciyata ce, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma akwai inda katangar ta zube muka bar shi haka don miƙa abu. Ita ta riƙe ni da aka kawo ni garin nan ban san kowa ba. Ita ta yi wa 'ya'yana wankan farko. Tare muke turara shinkafa a rabin duro ɗaya, tare muke shanya a bakin titi, tare muke kaiwa inji. In babu Yaya, ban san da wa zan yi hira ba, ban ma san wa zai kama mini duron nan ba. Ita kuma tun ranar da na iya rubuta sunana ta sa mini Malama, don tsokana.

Yaya tana da abin alfahari guda, dambun shinkafa. Duk Juma'a sai ta yi, da zogale da gyaɗa da albasa, ta ciko langa ta miƙo mini ta wajen zubabbiyar katangar. Ƙamshi kam ba a magana. Matsalar ita ce Yaya ba ta da haƙurin regaya. Shinkafar da aka shanya a bakin titi kowa ya san sai an zauna mata, amma ita sau ɗaya take juya ƙwarya ta ce ya isa. Ran da na fara cin dambun, ina amarya, na tauna tsakuwa har sai da kunnena ya yi ƙara. Na ɗaga kai, sai ga ta ta leƙo tana murmushi, tana jiran ta ji. Na haɗiye, na ce, "Yaya, ko a gidan biki ban ci irin wannan ba."

Juma'ar da ta biyo, langar ta fi ta farko girma.

Yara da suka taso suka gwada suka bari. Malam ya ce shi haƙoransa na cin rake ne. Zubar da abinci kuwa ba kyau. Sai na tuna da agwagina. Su tsakuwa ba ta dame su ba, nemanta ma suke yi. Haka muka yi shekara da shekaru. Agwagin nan har sun san Juma'a. Da sun ji ƙarar murfin langa sai su taho a jere gindin katanga suna kaɗa bindi, ni kuma ina korarsu da ƙafa kada Yaya ta gane. In na juye musu a bayan ɗaki, sai in dawo kusa da katanga da cokali ina kankare langar da ƙarfi, ina santi. In ce a sayar da akuyar Malam a saya wa Yaya babur. In ce gyaɗar nan da hannun dama aka shuka ta. Tana can tana dariya tana cewa, "Malama, ci a hankali kada ki ƙware."

Ana gobe tafiya na same ta da safe tana tura ɓuntun shinkafa a wutar duro. Na ce, "Yaya, na zo neman yafiya."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Ba ki yi mini komai ba. Miƙo mini itacen can."

"Na yi, Yaya."

"To na yafe. Aikin ido ne fa, ba yanka ki za a yi ba."

"Sai kin ji tukuna."

Na faɗa mata duka. Da yake a hankali nake magana, sai da ta ce in ƙara murya, na sake maimaita wajen agwagin. Ta ajiye itacen. Ta dube ni da kyau.

"Duk Juma'a?"

"Duk Juma'a."

"Har na sunan autarki, da na sa man shanu?"

"Shi ma, Yaya. Sun ji daɗinsa ƙwarai."

Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ba. Na ɗauka zai sanyaya mata rai. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta shige ɗaki ta saki labule. Na tsaya ina sallama kamar baƙuwa. Sai ni na ƙarasa kula da wutar, don kada shinkafar mutane ta ƙone.

Abin da ban lissafa ba shi ne, wanda zai tafi Makka yana da makonni kafin ya dawo, mutane sun huce. Ni washegarin aiki aka dawo da ni a mota, da auduga a ido, raina kuma yana nan daram. Na shigo gida na tarar an toshe zubabbiyar katangar da zana. Matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya, wata da kunu, wata da lemo, duk wadda ta yi sallama sai in kasa kunne. Yaya ba ta zo ba. Juma'a ta zo, agwagi suka taru gindin zana suna jira, har la'asar. Na zauna ina kallonsu da ido ɗaya, ni da su ba wanda ya fi wani ban tausayi. Na so in yi kuka, amma likita ya ce kada in bar ruwa ya taɓa idon, ban kuma tambaye shi ko hawaye yana ciki ba.

Sai bayan an cire audugar ta zo. Ta ƙofar zaure ta shigo, da mayafi, da cikakkiyar sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin tabarma.

"Ba wajenki na zo ba. Na zo ganin masu cin abincina."

Na ce ga su can. Ta ƙare musu kallo.

"Wancan ƙaton, ɗan waye?"

"Jikan agwagwata ta farko ne, Yaya."

"To tun daga kakarsa ni nake ciyarwa. Ke ruwa kawai kike ba su, shi ma na gwamnati ne. A ina aka taɓa kiwo mai abinci bai samu rabo ba?"

Ta ajiye mayafi ta yi ɗamara. An hana ni sunkuyo, don haka daga zaune nake ba da umarni: ta bayan turmi, Yaya, ga shi nan ya nufi rariya. Ƙaton nan ya zaga da ita tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin keken Malam, ya kifar da tulu. Da ƙyar ta danne shi da kwando. Ta zauna a kan kwandon tana haki, shi yana huci a ƙarƙashinta.

A nan ne ta yi maganar. Ta ce, "Na je na tambayi maigidana. Ya ce shi tun shekarar da haƙorinsa na turmi na hagu ya fashe ya daina tauna dambuna, da ruwa yake turawa. Na tambayi yara, suka hau kallon sama. Ni kuma kin san haƙorana na ciki sun daɗe da tafiya, haɗiya nake yi. Gari guda kun sani, ba wanda ya buɗe baki." Ta goge fuska da gefen zani. "Agwagin ba su dame ni ba, Malama. Santin ne. Ni in na ji kina santin nan, wuni nake yi da farin ciki."

Na ce, "Ƙamshin da gaske ne, Yaya. Wallahi da gaske ne."

"Rufe mini baki. Idon yana gani yanzu?"

"Tar nake gani. Har furfurarki ta..."

"Ban tambaye ki ba."

Ta ɗauki agwagwarta a hammata ta fita. Can sai na ji ana jan zanar katanga. Ba langa aka miƙo ba, faifai ne cike da ɗanyar shinkafa ɓarzajjiya.

"Tunda an gyara miki ido, ga aiki. Ki tsince ta tas, ki rege. Ran Juma'a a gabana za ki ci, in kin tauna tsakuwa ke kika bar ta."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "To kin yafe, Yaya?"

Ta ce, "Na yafe dambun. Santin kuwa ina tunani. Ki yi sauri, gobe da sassafe akwai turara, duron nan ba ya ɗaga kansa."