Jakin da Ya Kai Labarin Biyetnam

A shekarun da nake koyarwa a wata firamare kusa da Roni, babu abin da ke raba kan mazan garinmu kamar yaƙin Biyetnam, ƙasar da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Bayan la'asar ake taruwa a gindin darbejiyar mai shayi, a saurari rediyonsa, sannan musu ya kaure. Na'ibin liman da yawancin jama'a suna bayan Amurka, don an ce 'yan kwaminis take yaƙa, mutanen da ba su yarda akwai Allah ba. Ɗaya ɓangaren kuwa kusan mutum ɗaya ne, wani tsohon soja da Turawa suka kai yaƙin Bama yana saurayi.

"Ni ban san kwaminis ba, manomi na sani," haka yakan ce. "Na shiga irin dajin nan. Na ga mutum tsaye cikin shinkafarsa, ruwa har gwiwa. Mai jirgi zai gaji ya koma gida. Shi kuwa ina zai koma? Ai yana gida."

Wata rana wani ɗan kasuwa daga Babura, mai safarar atamfa zuwa Nijar, ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, zamanin bindigarku ta ɗuri ya wuce. Ka ga jirgin Amurka kuwa ko a hoto?" Mutane suka taya shi dariya. Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya rantse ba zai ƙara zama a gindin bishiyar ba sai ran da Amurka ta tattara nata ya nata. Shekaru suka shuɗe, bai sake zuwa ba.

A cikin shekarun nan 'yarsa ta girma, ni kuwa na kamu da sonta. Ɗan kasuwar nan ma ya manta da dariyarsa, ya fara zuwa zance a kan sabon babur, dangin uwarta suna ta yaba shi. Amma maganar tsohon ake jira.

Ni a lokacin kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayya da nake sayowa a kasuwa. A cikinsu saurayi yakan ceto budurwa daga gobara ko ambaliya, uban ya rungume shi yana hawaye. Nakan hau dutsen bayan gari in zuba wa rufin gidansu ido, ko hayaƙin tuwo ya tashi sai murna ta kama ni.

Ita ce ta dawo da ni ƙasa. "Malam, ka daina jiran gidanmu ya kama da wuta," ta ce tana dariya a cikin mayafi. "Baba kullum la'asar yana kasa kunne wajen darbejiya, iska ba ta kawo masa komai. Kai da kake karanta littattafai, ba ka gane ba?"

An yi mana ƙarin albashi a shekarar, albarkacin man fetur, sai na hau mota zuwa Kazaure na sayo rediyo mai jakar fata. Amma ga matsala. Mai neman 'yar mutum ba ya zama kusa da shi, ba ya haɗa ido da shi, balle su yi hira. In kuma na aika masa da rediyon kyauta, zai mayar, ya ce an zo sayen bakinsa.

Bazara ce, tsohon yana sharar gona a gindin duwatsu. Na je na zauna a kan wani falalen dutse a gefen gonar, na ba shi baya, na kunna rediyo kamar ni kaɗai nake ji. Tsakaninmu jakinsa ne a ɗaure. Can sai na ji ya ce, "Kai jakin nan, akwatin nan ba shi da murya ne?" Na ƙaro sauti.

Tun daga ranar jaki ya zama tafintanmu.

"Jaki, me suka ce a kan garin nan na bakin teku?"

"Jaki, ka faɗa wa Baba an ce ya faɗi tun jiya."

"Jaki, ka ce wa malamin nan ya rage shafa turare, ƙudaje yake tara mana."

Ranar da ba zan manta ba, batir ya yi sanyi. Na cire na shanya a kan dutse rana ta gasa, na mayar, muryar ta dawo can ƙasa ƙasa. Na manna kunne. Mai labarai yana cewa jirage masu saukar ungulu suna kwashe Amurkawa na ƙarshe daga kan rufin gidaje, babban birnin kudancin Biyetnam, ɓangaren da Amurka ke mara wa baya, ya faɗi. Ban san lokacin da na diro daga dutsen ba. Na manta da jaki, na tsaya a gabansa da takalmi a ƙafata, na dube shi ido cikin ido.

"Baba! Sun tafi! Wallahi sun tafi!"

Sai da maganar ta fita na ga abin da na yi. Na tuɓe takalmi na durƙusa, ina jin auren ya gama lalacewa. Ya ajiye fartanyarsa. Sannan ya ce a hankali, "Su ma yaran Amurkan 'ya'yan mutane ne. Ɗebo su aka yi, kamar yadda aka ɗebe mu." Ya share fuska da hularsa, ya kwance jaki, ya ce, "Jaki, a ɗauko akwati a biyo mu."

Haka muka shiga gari, shi a gaba, jaki a tsakiya, ni a baya rungume da rediyo, ina jin kamar da tambura ake raka mu. 'Yan majalisar darbejiya su ma sun ji labarin. Na'ibi ya matsa ya ba shi tsakiyar tabarma, ya ce, "Soja, ka faɗa, ta tabbata. Mutanen can kuma Allah Ya shirye su." Mai shayi ya haɗa masa mai kauri. Ɗan kasuwar ya duƙufa yana goge madubin babur ɗinsa.

Tsohon ya kurɓi shayi, ya juya wajen jakinsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jaki, ka gaya wa mai akwatin nan ya turo magabatansa. Ka kuma ce masa ya sayi sabon batir."