Ranar da Iya Tabawa Ta Duba Dubagari

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba na jin zai kwashe ranar da wata tsohuwa mai ƙosai ta zo har ofis ta duba mu, mu da ake kira dubagari.

A farkon daminar shekarar da naira ta fito aka ɗauke ni ƙaramin dubagari, aka ba ni Kurmin Mashi. Ƙa'idar lokacin, sai ka yi wata shida na gwaji. Idan babban dubagari ya gamsu, likitan da ke kula da ofishinmu ya sa hannu a tabbatar da kai, in ba haka ba ka mayar da kaki ka kama gabanka. Ni kuwa tuni na ɗauki hoto da kakin na aika wa mahaifiyata a Zariya, ta zagaya da shi gida-gida. Ka ga maganar komawa ba ta taso ba.

Aikinmu shi ne shiga gidaje da dogon ludayi. Ka yi sallama, mai gida ya shige gaba, ka ɗebo ruwan randa ka duba ko da tsutsar sauro a ciki.

Ina cikin wata na huɗu wani zazzaɓi ya shigo unguwar. Mutum ya kwanta da ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa dukan sakwara, bayan ido na ciwo, ƙuraje su feso, ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Likita ya tara mu ya ce yana zargin denge ne. Ya ce sauron da ke kawo shi baƙi ne mai zanen fari a ƙafa, da rana yake cizo, kuma ba ruwansa da kwata: ruwa mai tsabta da ya kwanta a taya ko gwangwani ko buɗaɗɗiyar randa yake so. Wanda ya kamu ya huta, ya sha ruwa da yawa da farasitamol, ban da asfirin, in kuma aka ga jini a hanci ko dasashi a garzaya asibiti.

Da likita ya tafi, babban dubagari, Malam Garba, ya kira ni. “Isa, wata biyu ya rage maka. In zazzaɓin nan bai lafa a unguwarka ba, ka san sauran.”

Na lura in ka kife wa mutane kasko, kana fita za su mayar da shi yadda yake. Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin irinta ba tun da aka kafa Kaduna: in kwashe kayan gaba ɗaya. Na ari amalanke, na bi masu faci na kwashe tsofaffin tayoyi, na bi gidaje na kwashe gwangwanaye da fasassun tuluna. A gidan Iya Tabawa mai ƙosai na tarar da wata tsohuwar randa ƙarƙashin indararo, ba murfi, tsutsa na ta iyo.

“Ɗan nan, randar nan ta girmi ubanka,” in ji ta. “Ka zubar da ruwan ka bar mini abata.”

“Iya, doka ce,” na ce, ina wani gyara hula.

Duk abin da na kwaso na jibge shi bayan ofis, daidai tagar Malam Garba, don likita ya zo ya ga aiki da idonsa. Har jera su na yi baki sama don su yi kyan gani. Malam Garba ya yaba, kaina ya kumbura. Ruwan sama kuwa kullum sai ya sauka.

Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya lafa a Kurmin Mashi, sai ya dawo ofishinmu. Masinja ya kwanta, akawu ya bi shi, daga nan sai Malam Garba da kansa. Muka zauna muna ta nazari, muna sosa ƙafa. Wani ya ce bakin mutanen unguwa ne, muka yarda. Dubagari guda-guda har shida, kowa da ludayinsa, ba wanda ya leƙa ta taga.

Ranar da likita ya zo sa hannu, Malam Garba ya lallaɓo daga shimfiɗa da bargo a kan kaki. Na kai su bayan ofis ina bayani da alfahari. Sai ga Iya Tabawa, ta gaji da jira, ta zo karɓar randarta. Ta leƙa ciki, ta ɗago ta dube ni.

“Ara mini ludayin nan naka.”

Kafin in yi magana ta zare shi daga hannuna. Ta ɗebo ruwan randa, ta ɗebo na taya, ta miƙa wa likita har hanci. Tsutsa ce baƙa ƙirin, tana ta wutsil-wutsil.

“Ranka ya daɗe, a gidana da aka ga wannan, randa aka ɗauke. To a nan me za a ɗauke, ofis ɗin ko ma'aikatan?”

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, hoton nan na Zariya kawai nake gani. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya murtuke.

“Wato ɗayanku ya kwaso cutar a unguwa, saurayen da kuka kiwata suka raba muku. Wa ya tara kayan nan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe,” na ce.

Ya rufe takardata. Sai Iya ta gyara mayafi ta ce, “A yi masa afuwa. Wayo ne dai bai da shi, amma ba ya ha'inci. Tun da ya kwashe tarkacen unguwa jikokina suka daina kwanciya.”

Sai likita ya ƙara mini wata guda na gwaji, da sharaɗin kafin la'asar a zubar da ruwan, a huda tayoyin, a binne gwangwanayen. Randa kuwa ni na ɗauke ta a ka, cikin kaki, har Kurmin Mashi, Iya na biye da ni tana gaya wa duk wanda muka haɗu da shi abin da ya faru. Na saya mata faifan rufi. Bayan wata guda aka sa mini hannu.

Abin da na koya shi ne, mu ma'aikatan lafiya idonmu na da kaifi a gidan mutane, amma a namu sai ya dushe. Daga ranar, randar ofis ce farkon wadda ludayina ke shiga kowace safiya. Kuma har Iya Tabawa ta rasu, Allah ya jiƙanta, duk ranar da na yi sallama a gidanta, sai ta amsa sannan ta tare ƙofa ta ce, “Ɗan nan, kun duba naku?”