Hoton Baba a Kan Tudu

Mai sayar da ruwa a kan tudun tana kallonsa tun daga kwanar ƙasa. Baƙo ne, a kan keke siriri kamar kara, kaya sun ɗame shi, ga hular kwano. Ya sauka yana haki yana murmushi, takalmansa na ƙwas-ƙwas a kwalta kamar kofaton akuya. Ya cire safar hannu, tafin nan sumul. Ta tabbata akwai mota a gidansa, har da mai wanke ta. Wahala ya fito nema don nishaɗi.

Ga mahaifinta nan tafe, yana turo tsohon kekensa da lodin itace, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Baƙon ya zaro waya.

"Baba, don Allah ɗan koma ƙasa ka sake hawowa. Hoton bai yi kyau ba."

Abin da ya ƙona mata rai, tsohon har ya fara juya kan keken, don bai iya ce wa baƙo a'a ba.

Ta miƙe ta dafe itacen.

"Malam, kawo wayar. Ga keke, ga kaya. Kai ka hawo da shi, ni zan ɗauke ka."